Digirin Digirgir a Ilimin Zamantakewa: Abin da Ya Kamata Ka Iya, da Yadda Ake Gwada Shi a Karkarar Kano da Jigawa

A jami'o'in Nijeriya digiri na uku ba ya gaza shekara uku ga wanda ba shi da wani aiki sai karatun, kuma da yawa sukan kai biyar ko shida. Ko a Jami'ar Bayero ne ko a Ahmadu Bello ta Zariya, matakan kusan ɗaya ne: darussan share fage, kare tsarin bincike a gaban malaman sashe, fita fage, gabatar da sakamako a taron ƙara wa juna sani, kare kundi a cikin gida, sannan zama gaban mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. Duk waɗannan matakai abu ɗaya suke aunawa. Shin wannan mutum zai iya ɗaukar tambayar da ba a amsa ba, ya nemo hujja da kansa, ya kuma faɗi inda hujjarsa ta tsaya ba tare da ƙari ba? Mai nazarin halayyar al'umma ne, ko tattalin arziki, ko kimiyyar siyasa, ma'aunin bai canza ba. Kuma a yankinmu babu inda yake fallasa wanda bai iya ba kamar ƙauye.

Tambaya kafin komai

“Tasirin talauci a kan ilimi a Jihar Jigawa” ba tambayar bincike ba ce, taken lacca ne. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta da masarautu biyar, kuma rayuwar mai noman riɗi a Maigatari daban take da ta masunci a fadamar Hadeja. Tambayar da za ta ɗauki digirin digirgir sai ta ambaci su wa, a ina, yaushe, da kuma abin da ake son a gane dalilinsa. Misali: a gonakin noman rani na Kura da Bunkure, da ke shan ruwan madatsar Tiga, idan kuɗin hayar gona ya tashi, wane ne ke sakin gonarsa, wane ne ke karɓa, kuma ta wace hanya, haya ko jingina ko sayarwa? Ko kuma: idan magidanta suka tafi cin rani daga bayan kaka zuwa saukar ruwan fari, wa ke yanke shawarar kai yaro asibiti, da kuɗin wa?

Ka auna tambayarka da abu uku. Ana iya samun amsar da za ta saɓa wa zatonka? Idan ka riga ka san amsar, wa'azi za ka rubuta. Kuɗinka da lokacinka za su kai ka ga hujjar? Sannan idan ka gaya wa dagacin garin tambayar da Hausa a jimla biyu, zai gane abin da kake nema? Wanda ya kasa wannan na ukun yawanci shi ma bai gama gane tambayarsa ba.

Bitar ayyukan magabata ba jera sunaye ba ce, wane ya ce, wance ta ce. Abin da ake so ka iya shi ne ka nuna inda masana suka yi saɓani da dalilin saɓanin. Ka yi jadawali tun makon farko: kowane aiki da ka karanta, rubuta tambayarsa, inda aka yi shi, shekarar da aka tattara bayanai, mutum nawa aka tambaya, yadda aka zaɓe su, da raunin da ka gani. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta riƙe maka madogara. Kada kuma ka ɗauka karkarar nan ba a taɓa nazarinta ba. Baturiya mai bincike Polly Hill ta yi aiki a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin tana ƙauyen manoma, yau birni ya haɗiye ta. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bibiyi ƙauyen Dagaceri, a Jigawa ta yanzu, fiye da shekara goma bayan farin 1973. A Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi da jami'an mulkin mallaka suka rubuta, ga cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna, ga Gidan Mambayya a Kano ga mai nazarin siyasar NEPU da PRP. Wanda ya dubi waɗannan zai iya cewa ga yadda abu yake a da, ga yadda ya koma, kuma wannan ya fi hoton rana ɗaya daraja nesa ba kusa ba.

Ra'i kuwa, wato bayanin da masana suka gina na dalilin faruwar abubuwa, kayan aiki ne. Idan ka kawo shi a babi na biyu bai sake bayyana ba har ƙarshen kundi, ado ka yi da shi. Ra'in da ya yi maka amfani zai gaya maka abin da za ka tambaya a fage da abin da, in ka gan shi, zai nuna ra'in bai dace da wurin ba.

Aikin fage, inda yawancin kundaye ke karyewa

Fara da ma'anar “gida”. A ƙauyen Kano ko Jigawa ƙofa ɗaya tana iya tara sassa huɗu: tsoho da 'ya'yansa uku masu aure, suna noman gandu tare, kowa kuma da gayaunarsa. Wani gidan tukunya ɗaya ake ɗorawa, wani kowane sashe da tasa, wani kuma da damina a haɗe, da rani a rabe. Idan mai tambayarka na farko ya ƙirga ƙofa, na biyu ya ƙirga tukunya, alƙalumanka sun lalace tun kafin su shiga kwamfuta, kuma babu lissafin da zai gyara su. Ka yanke ma'ana ɗaya, wadda aka fi amfani da ita ita ce masu ci daga tukunya ɗaya a ƙarƙashin magidanci ɗaya, ka rubuta ta, ka kuma yanke hukunci a kan ɗan cin rani, da almajirin da aka tura wani gari, da matar da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta.

Sai yawan waɗanda za a tambaya. Kusan kowane kundi za ka ga 384 ko 400. Lambar farko daga lissafin da ke ba da tabbacin kashi 95 cikin ɗari da kuskuren kashi 5 take, ta biyu daga dabarar wani masanin lissafi mai suna Yamane. Dukansu sun ginu ne a kan cewa ka zuba sunan kowa a ƙwarya ɗaya ka yi ƙuri'a. Ba haka ake yi a karkara ba. Ƙauyuka ake fara zaɓa, sannan gidaje a cikinsu, kuma mutanen ƙauye ɗaya sun yi kama da juna: rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, makaranta ɗaya. Saboda haka gida 20 a ƙauye ɗaya ba su kai gida 20 a ƙauyuka 20 ba da labari ba. Gyaran shi ne: ka cire ɗaya daga yawan gidajen da za ka ɗauka a kowane ƙauye, ka ninka da ma'aunin kamannin da ke tsakaninsu, ka ƙara ɗaya. A ce ma'aunin 0.05 ne, gidaje 20: 19 sau 0.05 ya ba da 0.95, a ƙara ɗaya, 1.95. Ninka 384 da wannan, ka sami 749. Ka yi tanadin kashi goma na waɗanda ba za a samu ba ko za su ƙi, ka tashi da kusan 830, wato ƙauyuka 42. Idan ka rage zuwa gida 10 a kowane ƙauye, adadin zai sauko zuwa 557 kafin tanadi, amma ƙauyukan za su haura 55, kuɗin mai ya ƙaru. Iya auna wannan ciniki tsakanin kuɗi da inganci yana cikin abin da ya raba dakta da mai digiri na biyu.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya ta 2006 ce, don haka kada ka dogara da ita wajen sanin gidajen ƙauye. Ka yi jerinka. Kwana ɗaya ko biyu kai da wakilin mai unguwa ku zaga, a rubuta kowane magidanci. Idan an sami 240 kana son 20, raba: 12. Rubuta 1 zuwa 12 a takardu, a sa yaro ya ɗauki ɗaya a gaban jama'a. In 7 ta fito, ka ɗauki gida na 7, na 19, na 31, haka har ƙarshe. Yin ƙuri'ar a bainar jama'a yana kashe zargin cewa an zaɓi 'yan uwan wani. Kuma kada ka manta da rugagen Fulani da ƙananan unguwannin da ke bayan gari, domin su ne jeri ya fi tsallakewa.

Shiga gari da tsarinsa. Takardar gabatarwa daga sashenka ta je ƙaramar hukuma da fadar hakimi, daga nan zuwa dagaci, ko bulama kamar yadda ake cewa a wasu sassan Jigawa, sannan mai unguwa. Ka gaida liman. Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, amma ga inda ake faɗawa rami: idan ka bar mai unguwa ya zaɓo maka waɗanda za ka tambaya, zai kawo maka masu bakin magana da na kusa da shi, da kyakkyawar niyya ma. Ka karɓi rakiyarsa zuwa ƙofar gida, ka roƙe shi cikin ladabi ya jira a waje. Ba wanda zai faɗi gaskiyar rikicin gona ko rabon taki alhali mai unguwa na zaune a kan tabarmar.

Lokaci ma hujja ne. Daga Yuni zuwa Satumba manomi yana gona tun asuba, sai bayan la'asar za ka same shi, a gajiye. Cikin marka wasu hanyoyin fadamar Hadeja ba sa biyuwa. Bayan kaka rumbu cike yake, kowa zai ce maka ana cin abinci sau uku, ka dawo a watan Agusta ka ji wata amsar daban. Da rani kuma matasa sun tafi cin rani, sai ka tarar da tsofaffi. Babu lokacin da ba shi da aibi, abin da ake so shi ne ka zaɓa da sani, ka rubuta a kundinka abin da zaɓin ya ɓoye maka. Ranar kasuwa kada ka sa aiki: Alhamis a yankin Maigatari, Juma'a a yankin Wudil, gari yakan zama wayam.

Ba ka da hanyar jin matan aure idan ba ka da mata masu tambaya. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Rabin tawagarka su zama mata, kuma su san alkunya. Mace da yawa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta ambaci ɗan farinta ba, wata ma sai ta tsallake shi a lissafin 'ya'ya. Mai tambaya da ta san haka za ta ce, “To, Inna, ban da babban, su nawa ne?” ko ta tabbatar daga kishiya ko kaka. Tambayar 'ya'yan da suka rasu a yi ta a hankali, bayan an saba, da addu'a a baki.

Takardar tambayoyi da Hausa za a rubuta ta tun a gida, ba kowane mai tambaya ya riƙa fassarawa a ƙofar gida yadda ya ga dama ba. Mutum ɗaya ya mayar da ita Hausa, wani da bai ga ta asali ba ya mayar da Hausar Turanci, a kwatanta. Sannan a gwada ta a gida 20 zuwa 30 a ƙauyen da ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. A nan za ka gano cewa tambayar “nawa kake samu a wata?” ba ta da amsa ga manomi, domin ba albashi yake ɗauka ba. Tambaye shi dami nawa ya samu na gero da dawa, buhu nawa na wake ko riɗi, me ya sayar, me aka kashe a cefanen makon jiya. Dami ba girmansa ɗaya ba daga gari zuwa gari, don haka a kowane yanki a sussuka 'yan dammuna a auna. Buhun hatsi akan lissafa shi kwano 40, amma ka je da sikeli ka auna kwanon kasuwar wurin da kanka. Girman gona ma haka: abin da manomi ya kira eka sau da yawa ƙiyasi ne, ka zaga gefen wasu gonakin da waya mai auna taswira ka ga tazarar da ke tsakanin faɗa da awo. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce.

Shekarun haihuwa sukan taru a 30, 35, 40, domin ƙiyasi ake yi. Maganinsa jadawalin abubuwan da kowa ke tunawa: farin 1973, ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, rasuwar Abacha a 1998, rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero a 2014, kullen korona a 2020, ka ƙara da na garin kansa, kamar shekarar naɗin dagaci ko ta gina makaranta. Tambayoyin nan na “na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba” kuwa sukan faɗi ƙasa, saboda mutumin kirki ba ya son musa wa baƙo, sai ya ce “haka ne” ga komai. Ba shi ƙwayar wake goma ya raba su a kan zaɓuɓɓuka gwargwadon nauyinsu a wurinsa. Za ka ga ya tsaya, ya yi tunani, ya ɗauke ƙwaya ɗaya daga nan ya mayar can. Wannan amsa ce ta gaske.

Ka sani kuma mutane suna auna ka kamar yadda kake auna su. Wanda ya zaci tallafi ka kawo zai rage dukiyarsa, wanda ya tuna jangali zai rage shanunsa. Ka faɗa a fili tun a fadar dagaci cewa karatu kake yi, ba ka rabon komai, kada kuma ka yi alkawarin da ba naka ba ne cikawa.

Lissafin aiki: tambayoyin da suka wuce minti 45 suna gajiyar da mai amsa. Mai tambaya ɗaya gida biyar zai yi da kyau a rana, shida su yi 30, gida 830 ya ci kwana 28 ban da ranakun kasuwa da na tafiya. Manhajar cike takardar tambayoyi ta KoboToolbox tana aiki a waya ba tare da intanet ba, tana kuma nuna lokacin da aka fara da wanda aka gama. Duk daren duniya ka duba abin da aka shigar. Takardar da aka cike cikin minti tara a gindin bishiya aka cike ta. Ka koma gida ɗaya cikin goma da kanka ka maimaita tambaya biyar.

Amana

Izini ba sa hannu a takarda ba ne kawai. A Kano ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, shari'ar da ta biyo baya a kan batun izinin iyaye ta yi shekaru, kuma rashin yardar da irin wannan ya haifar yana cikin abin da ake ambatawa game da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Duk mai shiga ƙauye da takarda yana taka wannan tarihi. Ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka kafin ka fita. Ka karanta wa mutum bayanin da Hausa, ka gaya masa yana da ikon ƙi ko tsayawa a tsakiya. Izinin miji yana buɗe ƙofa, amma bai maye gurbin izinin matar ba. Sunaye a ajiye su daban da amsoshi, a kundi kuma a sauya su, har da sunan ƙauye idan maganar ta shafi rikicin gona ko na manoma da makiyaya, domin “wani dagaci a gundumar kaza” kowa ya san shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka kai ma.

Fassara abin da ka samo

Ka iya aƙalla manhajar lissafin alƙaluma ɗaya da hannunka, SPSS ko Stata ko R wadda kyauta ce. Wanda ya ba wani kwangilar lissafi, tambaya biyu mai jarrabawa zai yi masa asiri ya tonu. Amma danna manhaja shi ne ƙaramin aiki. Babban shi ne sanin cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ka tarar matan da ke adashi sun fi samun kuɗi. Adashin ne ya ɗaga su, ko sai mai sana'a ce ake yarda ta shiga adashi tun farko? Idan ba ka tambayi yaushe ta shiga da abin da take yi kafin nan ba, ba ka da bakin magana. Haka nan iyakar 0.05 da ake kafawa a lissafi don a ce bambancin da aka gani ba dace kawai ba ne, wadda daban take da ma'aunin kamannin da muka ambata a baya, ba ta gaya maka girman bambanci. Bambancin kwano biyu a shekara yana iya tsallake ta idan gidajen suna da yawa, alhali bai canza rayuwar kowa ba. Ka faɗi girman abin da ma'aunin da manomi zai gane.

Hira mai zurfi da tattaunawar rukuni, mutum shida zuwa goma, maza daban, mata daban, matasa ba a gaban iyayensu ba, su ke ba ka dalilin da alƙaluma ba sa bayarwa. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, hira 30 kusan awa 150 ke nan, ka sa wannan a jadawalinka. Ka rubuta da Hausar da aka yi magana da ita, ka yi nazari a kanta, sai abin da za ka ɗauko cikin kundi ka fassara. Idan ka fassara tun farko, “rufin asiri” zai koma wata kalmar Turanci guda, ma'anarsa ta zube. Kuma ka nemi wanda labarinsa ya saɓa wa na saura, ka ba shi wuri a kundin.

Rubutu kullum ake yinsa, ko shafi ɗaya ne, tun kana fage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai wa malamin da ke duba aikinka babi ɗaya ɗaya, bayan kowane zama ka rubuta abin da kuka tsayar ka aika masa, wannan yana hana “ban ce haka ba” bayan wata shida. Jami'o'i suna tace kundi da manhajar gano satar rubutu irin Turnitin, amma sauya kalmomin wani ba tare da ambatonsa ba sata ce ko manhaja ba ta kama ba. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya, guje ta. Mujallar kirki takan kai aikinka ga masana su yi watanni suna tankaɗe, su dawo maka da gyara mai zafi, kuma iya amsa wannan gyara ɗaya bayan ɗaya horo ne da ba a samunsa a aji. Ranar kare kundi tambayoyin ba sa wuce waɗannan: me ka ƙara a kan abin da aka sani, me ya sa ka bi wannan hanya ba waccan ba, ina raunin aikinka. Ka ambaci raunin da bakinka kafin a ambata maka.

Saura aiki ɗaya da ba a ba shi maki, amma muna ganin digirin bai cika ba sai da shi. Ka taƙaita sakamakonka a shafi biyu da Hausa, da boko, in da hali da ajami ma. Ka kai wa hakimi da sashen da abin ya shafa a ƙaramar hukuma, ka koma aƙalla wasu daga ƙauyukan a karanta a ƙofar dagaci, mata masu tambaya su karanta wa mata a cikin gida. Ka tafi da littafin rubutu, domin za a sami dattijon da zai ce, “Malam, nan ba haka ba ne,” ya kawo dalilin da bai zo a takardar tambayoyinka ba. Rubuta shi da kwanan wata da sunan garin, ka duba shi da alƙalumanka idan ka koma gida, in ya tabbata ka gyara kafin maƙalar ta tafi mujalla.